Yadda Na Ƙera Scorpion Mai Santimita 15

Tsayi na fara yanke shawara a kansa kafin komai, domin shi ke faɗa maka kaurin ƙarfen da za ka sa, da girman gaɓa, har da irin ƙyallen da zai zauna a jiki. Masu yin irin waɗannan 'yan mutum-mutumi masu motsi suna da ma'aunan da aka saba da su. Akwai na inci 12, wanda kamfanin Hasbro na Amurka ya fitar a 1964 da sojan nan G.I. Joe. Akwai ƙarami wanda bai cika inci 4 ba, da shi kamfanin ya yi na taurarin wasan faɗa na kwamfuta mai suna Mortal Kombat a 1994. Sai na tsakiya mai inci 6, wato kashi ɗaya cikin 12 na tsayin mutum. Na tsakiyan na ɗauka. Namiji mai santimita 180 in ka raba shi gida 12 zai dawo santimita 15, tsayin da yatsa zai iya aiki a kai ba tare da ido ya wahala ba.

Scorpion na so in ƙera, ɗaya daga cikin taurarin Mortal Kombat ɗin. Duk wanda ya taɓa zama a benci a gidan gem yana jiran layi ya zo kansa a Sega ya san shi: baƙaƙen kaya, riga ruwan ɗorawa, fuska a rufe, da mashin nan mai igiya da yake cillawa ya cafko abokin faɗa daga can ƙarshen allo. Wasan ya fito a 1992 daga kamfanin Midway na birnin Chicago, Ed Boon da John Tobias ne suka jagoranci aikin. Abin da ya shafe ni a tarihin shi ne ba zana 'yan wasan aka yi da hannu ba. Mutane na gaske aka ɗauka a bidiyo suna naushi da shuri, aka mayar da hotunan cikin kwamfuta, kuma Daniel Pesina ne ya sa kayan Scorpion. Saboda haka jikinsa jikin ɗan Adam ne sak, babu ƙaton ƙirjin da ya fi ƙarfin ƙafa, babu damtsen da ya fi kai girma. Na bar fasalinsa na Mortal Kombat 11 na 2019, wanda ya cika ɗamaru da ƙarafa, na koma na wasa na biyu da ya fito a 1993. A ganina shi ne mafi tsafta, daga nesa ma ka hango ka san ko wane ne.

Kafin in taɓa kayan aiki sai da na zauna da bidiyon wasan a YouTube, na rage gudunsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ina tsayarwa ina ɗaukar hoto. A nan na fahimci abin da ya juya mini aikin gaba ɗaya. Ba wanda ya san fuskar Scorpion a wancan zamanin, motsinsa muka sani. Tsayuwarsa da hannu ɗaya a ɗage a lanƙwashe yana kwaikwayon ƙarin kunama; miƙa hannu gaba lokacin jefa mashi; da durƙuson nan da yake yi kafin ya taso da naushi daga ƙasa ya ɗaga mutum sama. In abin da na ƙera ya kasa yin waɗannan ukun, to ko ya fi na kanti kyau, ba shi ba ne. Don haka na ajiye maganar ado gefe, na fara da gaɓoɓi.

Na zana shi a takardar lissafi mai gida-gida, gaba da gefe, daidai girman da zai fito. Masu zane suna auna mutum da kansa: tsayin baligi kai bakwai da rabi ne. A santimita 15 ke nan kai ya zama santimita 2 cif. Tsakiyar tsayin yana faɗawa a matsematsi, gwiwar hannu tana daidai da ƙugu, yatsu suna sauka tsakiyar cinya. Na ba kafaɗu faɗin santimita 4 da rabi. A kan wannan zanen nake ɗora kowane yanki in gwada har ƙarshen aikin.

Hanya mafi sauƙi ita ce a murɗa wayar alminiyam a yi ƙashi, a lulluɓe ta. Tana lanƙwasuwa yadda kake so, amma duk inda ake yawan lanƙwasa ta gajiya take yi ta karye, kuma in ta karye a cikin jiki sai an farke komai. Abin da zai shiga hannun yaro ba zai jure haka ba. Sai na zaɓi gaɓoɓi iri biyu: masu naɗewa a gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu, da masu ƙwallo a wuya da kafaɗa da ƙugu da kwatangwalo.

Masu naɗewar daga bututun ruwa na PVC na fitar da su, guntayen da masu aikin famfo ke yarwa. Na tsaga shi da zarton ƙarfe, na tsoma a tafasasshen ruwa har ya yi laushi, na matse shi tsakanin katako biyu ya huce a miƙe. Kada a kai shi kan wuta kai tsaye, in ya ƙone hayaƙinsa guba ne. Daga wannan faifan na yanke ƙasusuwan cinya da ƙwauri da hannu. Kowace gaɓa harshe ɗaya ne da ke shiga tsakanin leɓɓa biyu, a huda su tare da basilla mai zafi, a zura guntun kilif ɗin takarda, a datse da filaya, a ɗan dake bakinsa don kada ya zare. Sirrin yana cikin matsewa. In harshen ya shiga da sauƙi, gaɓar za ta riƙa lilo; so ake ya shiga da ƙyar, har ka ji yana ɗan ƙara in ka naɗe.

Gwiwa ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce ta cancanta. Gaɓa mai ƙusa ɗaya tana tsayawa in ƙwauri ya yi kusurwa da cinya, domin naman baya ya haɗu da na baya. Durƙuson Scorpion kuwa yana buƙatar dunduniya ta kusa taɓa mazaunai. Maganin shi ne a sa ɗan guntu na uku a tsakani, mai tsawon kamar milimita 8, mai huji biyu, ɗaya ya kama cinya ɗaya ya kama ƙwauri. Kowanne ya naɗe rabi, a haɗu a sami cikakkiyar naɗewa, shi kuma guntun ya fito gaba ya zama ƙoƙon gwiwa. Sai kuma a rage nama a bayan cinya da sha-raɓa fiye da yadda ido yake so. Tsirara abin yana da muni, kamar an ciji ƙafar, amma wando zai rufe, kuma wannan ramin ne ke ba ƙafa hanya. Ranar da ƙasusuwan nan farare, ba kai ba hannu, suka durƙusa a kan tebur suka tsaya da kansu, na yi murnar da ban yi ba ko a ranar da na gama fenti.

Masu ƙwallon kuma da duwatsun kwalliya na roba na yi su, irin waɗanda teloli ke jerawa a ɗinkin mata, masu milimita 6 a kafaɗa da wuya, masu 8 a kwatangwalo. Kowanne na zura masa guntuwar ƙusa na kafe da sufa gulu. Gurbin da ƙwallon zai zauna da efoksi ake yin sa, wato gam ɗin nan mai kashi biyu da ake murzawa a haɗa ya zama kamar ƙulli, in ya bushe ya koma dutse. Ka shafa wa ƙwallon basilin, ka lulluɓe fiye da rabinsa kaɗan da ƙullin, in ya fara tauri ka juya shi a hankali ta kowace fuska don kada ya kama, sannan ka bar shi ya kwana. In ka rufe ƙasa da rabi zai riƙa ficewa, in ka rufe da yawa hannu ba zai ɗagu ba. A kafaɗar dama na buɗe gurbin sosai ta sama, saboda hannun nan na ƙarin kunama. In gaɓa ta saki daga baya, ɗigon jan farce marar launi a kan ƙwallon, a bari ya bushe a mayar, yana dawo da ita.

Efoksin iri biyu na yi aiki da su. Wanda makanikai ke toshe lagireto da tanki da shi yana nan a shagunan kayan mota, yana da arha da ƙarfi, sai dai cikin 'yan mintuna yake sandarewa, a zafin Kano kuwa ya fi haka sauri. Da shi na cike cikin ƙirji da cinyoyi, inda ba a bukatar kyau. Na saman, inda za a fitar da siffa, Milliput na saya ta intanet, wanda ake yi a Birtaniya. Shi yana ba ka kusan awa guda kana sarrafa shi, yana laushi da ruwa, kuma sai bayan wasu awanni yake tauri. Kayan sassaƙata tsinken sakace ne, da allura, da reza, da ɗan ƙarfen da masu gyaran waya ke ɓalle murfi da shi. Kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, a yi ɓangare ɗaya a bar shi ya bushe kafin a juya, in ba haka ba babban yatsanka zai lotsa abin da ka gama ɗazu. A sa safar hannu ko a wanke hannu da sabulu nan take, domin yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata. In an zo gugar samfefa kuma a jiƙa ta, ƙurar ba ta shaƙa ba ce.

Tafin hannu uku na yi masu cirewa: dunƙulallu biyu, da buɗaɗɗe ɗaya na jifa. Yatsun buɗaɗɗen siririyar wayar kwafa ce a ciki, wadda na samo wajen masu naɗin koyil, don yatsan efoksi zalla ko faɗuwa ɗaya ba zai sha ba. A tafin kowace ƙafa na binne ɗan maganaɗisun da na ciro daga lalataccen abin sauraro na kunne. Da shi yake kama murfin gwangwanin da na mayar dandamali, har ya iya tsayawa da ƙafa ɗaya yana shuri.

Ina cikin aikin kai ne yayata ta shigo ta tarar da ni. Ɗanta nake yi wa, ta kuma sani, amma ganin kai a tsire a kan tsinke ya sa ta tsaya.

"Anya wannan ba gunki kake sassaƙa mana a gida ba?"

Na ce, "Yaya, zauna ki ji yadda na ɗauki abin."

Tambayarta tana kan hanya, ni ma na yi wa kaina ita tun kafin in fara. Hadisan da suka yi hani a kan sassaƙa siffar mai rai sanannu ne, masu tsanani kuma. Haka nan ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura don su shagala har a sha ruwa. Daga nan malamai da yawa suka keɓe kayan wasan yara, wasu kuma suka ƙara sharaɗin kada siffar ta cika. Ni ba malami ba ne, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Abin da na tsayar wa kaina shi ne wannan abin wasa ne, hannun yaro za shi, a ja shi a ƙasa a jefa a kwali, ba za a girke shi a falo ana kallo ba. Kuma ba shi da baki, ba shi da hanci, takunkumi ne da hula, sai farare biyu a gurbin ido, kamar yadda yake a wasan. Ƙoƙon kan da yake bayyanawa in ya cire takunkumi zai ƙone abokin faɗa, ban yi shi ba, jini ma ko ɗigo ban sa ba. Wasan kansa na manya ne. Zubar da jinin da ke cikinsa na daga abin da ya kai majalisar dattawan Amurka ga zaman sauraro a 1993, har aka kafa hukumar ESRB mai sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. Yaya ta saurara, ta ce to in dai haka ne, amma kada ya kwana a ɗakin da take salla. Na ce na yarda.

Tufafi su suka ɓoye duk tabon da ke jikin. Ƙyalle a wannan girman yana da wuyar sha'ani, domin zarensa ba ya raguwa tare da mutum-mutumin. Yadin da yake da laushi a jikinka, a jikin ɗan santimita 15 buhu ne. Baƙin yadi mai talewa na samo a ragowar wani tela mai ɗinkin hijabi, na ɗinka riga da wando da hannu a bai-bai, na juya da tsinke. Na matse su a ƙwauri da hannu, na bar sarari a cinya don durƙuso.

Rigar saman da fata na yi ta. Na shiga Kasuwar Kurmi wajen dukawa, na sami wani dattijo na nuna masa hoton a waya.

"Baba, fatar akuya nake so rawaya, wadda ta fi kowace laushi."

Ya kalli hoton, ya kalli ƙasusuwan da na fito da su daga aljihu, ya ce, "Samari, wannan ai ko fatar laya ta yi masa kauri. Kawo in rage maka ita."

Ya shimfiɗa guntun a kan dutse, ya riƙa kankare bayansa da wuƙa a kwance har ya kusa zama takarda, bai huda ko wuri ɗaya ba. Na gwada a gida da reza a kan ragowar, na gane wannan hannu ne na shekaru. Launin ma ya fi wanda na zata dacewa, rawaya ce mai ɗan duhu irin wadda dukawa suka saba fitarwa da gangamau, ba mai kashe ido ba. Rigar Scorpion a wasa na biyu tana da ɗinki gida-gida mai kumburi, kamar lifidin dawakin hawan salla. Allura za ta yaga fata mai wannan sirantaka, don haka na jiƙa ta kaɗan, na ɗora rula, na danna layukan da bayan wuƙa a gicciye, tazarar milimita 3. Da ta bushe layukan suka zauna. Na yanke ta ta sauko daga kafaɗu biyu ta haɗu a ciki, na sa ɗamara baƙa, na bar leɓe ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Fenti kaɗan aikin ya ci: kai, da damatsa, da makaran hannu da na ƙwauri. Na fara fesa toka-toka a matsayin shimfiɗa, na rufe gaɓoɓin da salatif don kada su cushe. Rawaya fenti ce mai rauni, in ka ɗora ta a kan duhu sai ta koma kore-kore, dole a sa fari a ƙasa tukuna. Akirilik na yi amfani da shi, a tsinke da ruwa, shafa bayan shafa, kowace ta bushe kafin ta gaba. Da yake lokacin hunturu ne, bushewa ba ta ba ni wahala ba, ƙura ce abokiyar gaba, sai na riƙa kifa roba a kan duk abin da na shafa. Bayan nan na tsinka ruwan ƙasa sosai na bar shi ya gangara cikin ramukan takunkumin da layukan fatar, na goge saman. Wannan mataki ɗaya shi ya fito da zurfin aikin. Idanun da bakin allura na ɗiga su, ina riƙe numfashi. Na rufe da banish marar ƙyalli, domin ƙyalli yana sa abu ya yi kama da robar kanti.

Mashin ƙusa ce 'yar inci ɗaya. Na dake ta ta baje, na fitar da baki mai kusurwa huɗu da magagari, sannan na dakushe tsinin da gangan tun da yaro ne zai riƙe. Wasannin baya-bayan nan sarƙa suke sa masa, na farkon kuwa igiya ce, ita na bi. Na murɗa zaren ɗinkin takalmi biyu tare da siririyar wayar kwafa a tsakiya, tsawon santimita 20. Saboda wayar, igiyar tana tsayawa a iska a miƙe ko a lanƙwashe, kamar an tsayar da wasan daidai lokacin jifa.

Da na haɗa komai na gwada motsin nan uku. Tsayuwar ta fito, jifan ya fito. A durƙuso leɓen rigar na gaba yana tokare cinya, sai na rage faɗinsa da milimita 2 ta kowane gefe, ya sauka har ƙasa. Ɗan yayata bai taɓa buga wasan ba, bai kuma tambayi sunansa ba sai daga baya. Ya juya shi, ya naɗe gwiwar ya miƙe, ya naɗe ya miƙe, ya ce, "Kawu, wa zai yi faɗa da shi?"

Amsar tana cikin wasan tun asali. Don tsimin wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, masu Mortal Kombat hoton mutum ɗaya suka yi amfani da shi, suka sauya launin kayan: rawaya Scorpion, shuɗi Sub-Zero. Ni ma na ajiye zanen takardar, da samfurin kowane ƙashi da na yanke a kwali, da samfurin ɗinkin riga da wando, don haka na biyun ba zai ci rabin wahalar na farko ba. Na riga na miƙar da bututun. Wuyan hannu kawai zan sauya, in sa masa ƙwallo maimakon juyi, saboda Sub-Zero da tafuka biyu a haɗe yake jefa ƙanƙara, kuma sai wuyan hannu ya karye baya sannan hakan ke fitowa. Shuɗin da na gani a wajen dukawa ya yi duhu da yawa, don haka farar fata zan kai wa dattijon ya rage mini, in shafa mata launin da kaina.